Haƙorin Ƙarshe da Ragowar Magani

Haƙoran mutum ba rana ɗaya suke fitowa ba. Jariri yakan fara haƙori yana da kamar wata 6. Kafin ya cika shekara 3 sun kai 20. Daga shekara 6 sai yaro ya shiga famfara: ƙananan haƙora suna zuba, manya suna maye gurbinsu, waɗansu kuma suna tsirowa daga baya. Yaron da ya kai shekara 13, in ya bi bakinsa da harshe ya ƙidaya, yakan tarar da 28. Amma cikakken bakin babban mutum haƙora 32 ne. Saura 4 ke nan. Ina suke?

Suna nan kwance cikin ƙashin muƙamuƙi, can ƙurya, biyu sama, biyu ƙasa. Ba su cika fitowa ba sai tsakanin shekara 17 da 25. Da Faransanci ana ce wa irin wannan haƙori « dent de sagesse », wato haƙorin hankali, don yana zuwa lokacin da ake zaton mutum ya yi hankali. Shi dai haƙorin ba ya ƙara wa kowa hankali. Waɗansu mutane ma ba su da shi sam, waɗansu ɗaya ko biyu gare su, kuma ba abin da ya rage su da shi.

Aljihu cikin baki

Wanda ya zo tasha a makare yakan tarar mota ta cika. Haka yake ga haƙorin ƙarshe. Sauran 28 sun riga sun kama wuri. In muƙamuƙi yana da faɗi, sai ya fito tsaye, ya shiga aikin tauna kamar ƴan uwansa, ba wanda zai ji labarinsa. In kuwa wuri ya yi kaɗan, sai ya fito a karkace, ko ya tokare da na gabansa, ko ya leƙo rabi ya tsaya. Na ƙasa sun fi yin haka.

Wanda ya leƙo rabi shi ne mai kawo wahala. Dasashi yakan rufe sauran rabin kamar marfi. Tsakanin marfin nan da haƙori akwai ɗan aljihu. Aljihun ƙarami ne, amma yana da zurfi, kuma asuwaki ba ya kaiwa cikinsa. Ɓarɓashin tuwo, tsakin gero na fura, zaren nama, tukar goro, duk suna shiga su maƙale. Bakin kowane mutum, ko mai lafiya ne, cike yake da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Yawancinsu ba su cutarwa muddin miyau da asuwaki suna share su. Amma a cikin aljihun nan sun sami ɗaki mai ɗumi, mai laima, ga abinci, ba mai korarsu. Waɗansunsu ma sun fi son wurin da iska ba ta shiga. Sai su yi ta haihuwa.

Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura. In mutum ya rufe baki, haƙorin sama ya dinga cizon naman da ya kumbura, kumburi ya ƙaru. Baki ya yi wari, a ji ɗanɗanon mugunya. Zogi ya hau har kunne. Bayan ƴan kwanaki sau da yawa jiki yakan rinjayi ƙwayoyin cutar, ko mugunyar ta sami hanya ta fita, ciwo ya lafa. Mutum ya ce ya warke. Amma marfi yana nan, aljihu yana nan. Bayan wata biyu ko uku, musamman in mutum ya gaji ko ya yi wata rashin lafiya, sai ciwon ya komo. Ba tsutsa ce a cikin haƙori ba, kamar yadda waɗansu ke faɗi.

Maganin da ake kira antibiyotik

Akwai wani jinsin magani da aikinsa shi ne kashe bakteriya ko hana su haihuwa. Sunansa antibiyotik. Penisilin, amokisilin, metronidazol, tetarasikilin, duk cikinsu suke. Waɗansu ƙwaya ne, waɗansu ƴan kwanso masu launi biyu da gari a ciki, waɗansu na ruwa, waɗansu allura.

Kakannin kakanni ba su san shi ba. A shekarar 1928, a birnin Landan, wani likita mai suna Alexander Fleming ya lura wani irin funfuna ya faɗa cikin faifan da yake kiwon bakteriya, kuma duk bakteriyar da ke kewaye da funfunan sun mutu. Ya sa wa abin da funfunan ke fitarwa suna penisilin. Sai bayan shekara fiye da 10 waɗansu masana a birnin Oxford, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu, suka iya tace shi ya zama magani.

A watan Fabrairu na 1941 suka gwada shi kan wani ɗan sanda, Albert Alexander, wanda ƙwayoyin cuta suka cinye masa fuska har ya rasa ido ɗaya. Cikin kwana guda masassara ta fara sauka. Ya soma cin abinci. Amma maganin da ke hannunsu kaɗan ne ƙwarai. Har fitsarinsa suka riƙa tacewa don su sake samun abin da ya fita. Bayan kwana 5 magani ya ƙare. Ciwo ya komo, ya rasu a watan Maris. Tun daga majinyacin nan likitoci suka ga abu biyu: maganin yana da ƙarfi, kuma wanda bai isa ba bai isa ba.

Ragowar da ke cikin kwalla

A ɗauki misalin wani saurayi ɗan shekara 20. Haƙorinsa na ƙarshe ya kumbura, da masassara. Ya je gidan likita, aka duba shi, aka rubuta masa takardar magani: ƙwaya 3 kowace rana, kwana 5, ƙwaya 15 ke nan. Aka ce masa kuma in ya samu sauƙi ya je wurin likitan haƙori. Ya sha kwana 3, ƙwaya 9, ciwo ya tafi. Sai ya naɗe sauran 6 cikin leda ya ajiye. Wurin likitan haƙori kuwa bai je ba.

Bayan wata uku ciwo ya komo. Ya ɗauko 6 ɗin nan, ya sha 4 cikin kwana biyu, ciwo ya lafa. Karo na uku ya sha biyun da suka rage, ya ƙara da waɗansu da wata gwaggonsa ta ba shi, ragowar maganin tarin da ta yi bara. Karo na huɗu ya tsai da mai tallar magani a bakin kasuwa, ya sayi ƴan kwanso 5.

Ba wauta ce ta sa shi haka ba. Likitocin haƙori kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane kamar Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. Mutumin ƙauye sai ya nemi kuɗin mota, ya bar gona ko dabbobi, wataƙila ya kwana a hanya. Ga magani kuwa a cikin ɗaki, kyauta, kuma wancan karo ya yi aiki. Kowa ya ji zogin haƙori cikin dare ya san ba a yi masa dogon tunani. Duk da haka hanyar da saurayin nan ya bi ba ta ɓullewa.

Babban dalili shi ne, magani ba ya toshe aljihu. Antibiyotik yana bin jini ne ya kai wurin ciwo. Cikin naman dasashi akwai jini, don haka magani yana kaiwa can ya rage kumburi. Amma cikin aljihu, inda ɓarɓashin abinci da mugunya da daskararriyar dauɗa suke manne da haƙori, jini ba ya zagayawa. Ƙwayoyin cutar da ke can suna zaune lafiya. Manomi ya san aya-aya: in an sare ganyenta aka bar ƴaƴanta cikin ƙasa, ruwa ɗaya ya isa ta sake tsirowa. Ko cikakken magani, wanda likita ya rubuta aka sha daidai, ba ya hana wannan ciwo komowa in ba a gyara wurin ba. Balle ƙwaya 4.

Sannan kuma ba kowane antibiyotik ke kashe kowace bakteriya ba. Kowanne da waɗanda yake iyawa. Maganin tarin gwaggo ba lalle ya taɓa masu zaman ƙarƙashin dasashi ba. Mai yiwuwa ma ba antibiyotik ba ne, don ƙwayoyi da yawa kamarsu ɗaya in an fid da su daga kwalinsu. Na mai talla kuwa ba wanda ya san inda aka yi shi, ko abin da ke ciki. Launin kwanso ba suna ba ne.

Magani kuma yana lalacewa. A jikin kowane kwali akwai wata da shekarar da zai daina aiki, kuma yawanci an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A ƙasar Nijar, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ɗakin kwano ya fi haka, tiren mai talla da ke yini a rana ya fi duka. Na ruwa, irin wanda ake dama wa yara, ba ya wuce mako ɗaya ko biyu bayan an zuba masa ruwa.

Akwai kuma jikin da bai yarda da wani magani ba. Waɗansu mutane in sun sha dangin penisilin sai jikinsu ya yi ƙuraje da ƙaiƙayi, wani lokaci fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe cikin ƴan mintoci. Tetarasikilin ba a ba mace mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, don yana shiga haƙoran da ke ginuwa ya ɓata launinsu har abada. Likita yakan yi tambaya kafin ya rubuta. Leda ba ta tambayar kowa.

Lissafin bakteriya

Akwai wata ɓarna da ba a ji a jiki ranar da ake yin ta. Don a gane ta sai an yi ɗan lissafi.

Bakteriya ba ta ƙwai, ba ta ciki. Rabewa take yi gida biyu. Waɗansu irinsu, in sun sami abinci da ɗumi, suna rabewa kowane minti 20. Ɗaya ta zama 2, biyu su zama 4, huɗu su zama 8 cikin awa guda. Bayan awa 2 sun kai 64. Bayan awa 7 sun wuce miliyan 2. A cikin jiki ba su kai wannan sauri ba, don jiki yana yaƙarsu, amma hanyar ita ce wannan.

Cikin miliyoyin nan ba duka suke daidai ba. Akan sami ƴan kaɗan da magani bai cika yi musu illa ba. Waɗansu suna fitar da wani abu mai farfasa penisilin kafin ya taɓa su. Tun a 1940 masana suka gano haka. Waɗansu suna tofar da magani waje. Duk lokacin da antibiyotik ya shiga jiki, masu rauni ne ke fara mutuwa. Masu taurin kai su saura, su sami fili da abinci ba abokin rabo, su yi ta rabewa. Har suna iya miƙa wa maƙwabtansu wannan dabara. In an yi haka sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, sai ya zama su ne masu yawa. Ranar da aka zo da maganin don wata babbar bukata, sai a ga bai yi komi ba.

Mutane sukan ce jikin wane ya saba da magani. Ba jikin ne ya saba ba, ƙwayoyin cutar ne. Kuma ba na baki kaɗai ba. Ƙwayar da aka haɗiya don haƙori tana ratsa hanji, inda bakteriya suka fi yawa, da yawansu masu amfani ne. Shi ya sa wanda ya sha antibiyotik yakan yi zawo. Masu taurin kan da suka saura a hanji suna fita da bayan gida, su bi hannu, su bi ruwa, su bi akushi, su kai ga ƙanensa ko kakarsa da ba su taɓa shan maganin ba.

Fleming da kansa ya yi gargaɗi kan wannan a 1945, lokacin da aka ba shi kyautar Nobel tare da Florey da Chain. Ya nuna tsoron ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, ya sha abin da bai isa ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da magani ya daina kashewa, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa. Tsofaffi sun ga irin wannan da idonsu a wajen masassarar cizon sauro. Ƙwayar cutarta ba bakteriya ba ce, amma labarin ɗaya ne. Da can Nivaquine ake sha a warke. A hankali ta daina aiki, har cikin shekarun 2000 aka bar ta aka koma waɗansu magunguna.

Alamun da ba a kwana da su

Yawancin lokaci ciwon haƙorin ƙarshe yana tsayawa a dasashi. Amma wurin da yake zaune yana kusa da maƙogwaro. Ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe akwai hanyoyi tsakanin nama da nama, mugunya tana iya binsu ta gangara wuya. In ta yi haka sai ƙasan baki ya kumbura ya yi tauri kamar itace, ya tura harshe sama da baya, ya tare hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Kafin a sami antibiyotik da aikin tiyata na zamani, fiye da rabin waɗanda ya kama ba su tashi.

A nan ragowar magani take yin mugun aiki. Ƙwaya biyu ko uku suna iya rage masassara da zogi na yini guda, mutum ya ga kamar sauƙi ya zo, alhali mugunya tana ci gaba da tafiya. Kwana biyun da ya kamata a yi a hanyar asibiti sai a yi su a kan tabarma.

In baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba su shiga tsakanin haƙora. In kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido. In haɗiyar miyau ta gagara, murya ta sāke, ko numfashi ya yi wuya. In masassara ta yi zafi da rawar ɗari, to ba a jiran gari ya waye. A nemi mota ko amalanke a kai shi gidan likita mafi kusa. Mai ciwon sukari da mace mai ciki ba su jira ma abin ya kai nan. In an je kuma a faɗa wa likita duk abin da aka sha, a tafi masa da kwalin ko ledar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke maganin ciwon

In ciwon bai bazu ba, sau da yawa likita ba ya ba da antibiyotik ko kaɗan. Yakan ɗaga marfin naman a hankali, ya wanke aljihun da ruwan magani, ya fitar da abin da ya taru. Wannan wankin shi ne rabin aiki. Sai ya ce a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali cikin kofi ɗaya, sau da yawa a yini, musamman bayan cin abinci. A goge wurin a hankali da buroshi mai laushi ko asuwaki da aka tauna ya yi laushi, ko da yana ɗan jini. Don zogi akwai parasetamol, a sha yadda aka faɗa. Kanumfari yana ɗan kashe zogi na ɗan lokaci, amma ba ya wanke komi. Masu dora aspirin a kan dasashi ƙona naman suke yi, su ƙara gyambo kan ciwo. Masu fasa kwanso su zuba garin a wurin ma ba abin da suke samu sai ɗaci.

Antibiyotik yana da ranarsa: in akwai masassara, in kumburi ya fita fuska, in kaluluwa ta fito a wuya. A nan likita ne zai zaɓi iri, da yawa, da kwanaki. Likitocin yanzu ba su son a daɗe ana sha fiye da bukata, wani lokaci ma sukan ce a komo bayan kwana 2 ko 3 su duba, su ce a ci gaba ko a tsaya. Shi ke da wannan hukunci, ba majinyaci ba. In ya ce a tsaya, abin da ya rage ba ajiya ba ne, ba kuma kyautar da ake ba maƙwabci ba. A mayar da shi farmasi ko gidan likita, kada a bar shi inda yara za su kai.

In ciwon ya komo sau biyu, ko ya zo sau ɗaya da tsanani, yawanci shawara ita ce a cire haƙorin. Wanda ya fito tsaye bai dami kowa ba, ba a taɓa shi. Kafin a cire, likitan haƙori yakan ɗauki hoton muƙamuƙi don ya ga yadda saiwar take kwance, saboda akwai wata jijiya da ke bi ta ƙarƙashinta zuwa leɓe. Sai ya yi allurar da ke kashe wurin. Mutum yana jin ana turawa, amma ba ya jin zafi. Kumatu yakan kumbura kwana biyu ko uku, ramin ya rufe cikin ƴan makonni. Akwai masu cewa cire haƙori yana rage gani. Ba haka ba ne. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Sauran matauna kuwa sun isa su tauna ƙuli-ƙuli da kilishi. Da an cire haƙorin, dasashi ya haɗe ya zama shafaffe, abinci ba ya da wurin maƙalewa.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa ne a bakin yaro ɗan shekara 3? Nawa ne a cikakken bakin babba?
2. Me ya sa ciwon haƙorin ƙarshe yake lafawa ya komo?
3. An rubuta wa mutum ƙwaya 3 kowace rana har kwana 5. Ya sha kwana 2 ya bari. Ƙwaya nawa ya sha? Nawa suka rage?
4. In bakteriya ɗaya tana rabewa biyu kowane minti 20, nawa za su zama bayan awa 3?
5. A kawo wofin kwalin magani daga gida, a nemo inda aka rubuta watan da shekarar da zai daina aiki, a rubuta su cikin littafi da Hausa da Faransanci.